Shekarar da Na Sallami Guza

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya kwana biyu, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, domin hannuwana suna cikin kifi. Mai yiwuwa na sa wani abu gaban wani, ko na ɗora wa mutum maganar da ba shi ya yi ta ba. Inda na tabbata, zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, kuma nan ne ya fi yawa, zan faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yaran da suka gama karatu suna ta zuwa rumfarmu a bakin ruwan Yelwa, wai za su shiga bandar kifi kafin aikin gwamnati ya fito. Kwanan baya wata ta tsaya nesa da hayaƙi, ta toshe hanci da mayafi, ta ce, "Anti Saratu, ai ba wani abu ba ne. Wuta ce da kifi." Ban yi mata faɗa ba. Kusan haka na faɗa ranar da na zo, da digirina na kimiyyar halittu a cikin leda, na sami ƙanwar mahaifina, Goggo Kande, a kan kujera 'yar tsugune tana feɗe kifi. Na ce zan taya ta na wata uku. Yau furfura ta fara fito mini, kuma har yanzu ina rumfar.

Tarwaɗar farko da na lanƙwasa ta miƙe ta mare ni. Ba wanda ya gaya mini cewa sai an tabbata ta mutu, an wanke yauƙinta da toka, sannan a naɗe ta, a haɗa wutsiya da baki, a soke da tsinke. In ba a naɗe ta ba za ta cinye wuri a kan waya, kuma za ta karye a kwali. Kurungu sai an karya masa ƙayoyinsa, in ba haka ba shi zai huda ki kafin ki huda shi. Ƙarfasa a kankare ta. Giwan ruwa a yanka shi gunduwa-gunduwa, a yi masa gishiri kaɗan. Wuta kuma biyu ce. Ta farko mai ƙarfi, ita ke dafa kifin. Ta biyu hayaƙi ne kawai, shi ke busar da shi, kwana biyu ko uku gwargwadon kifi da iska. Itacen ƙirya ne muke nema. Dogonyaro yana sa ɗaci, ɗanyen icce yana baƙanta kifi ya bar cikinsa da ruwa. Goggo da bayan hannu take auna zafin waya. Ni na taɓa sayo ma'aunin zafi a kemis na ɗora. Ya fashe. Daga baya na gane na jikin mutum ne.

Mu uku ne a rumfar. Goggo, da ni, da Maman Luka, 'yar Kambari ce daga wajen Ngaski, wadda ta riga ni wurin da shekaru masu yawa. Ba ta zuwa ranar Lahadi, ba ta kuma yin maganar da ba a tambaye ta ba. Wannan hali nata zai dawo cikin labarin.

A shekara biyu na koyi yawancin aikin. Dokoki uku ne kawai na Goggo ban gane kansu ba. Kayan cikin kifi da muke tarawa a daro, duk safiya sai a kai su kan wani faffaɗan dutse a gangaren ruwa a zuba. Ba a rami ba, ba a cikin ruwa ba, a kan dutsen. Saƙar gizo-gizo da ta cika rufin rumfa, ta yi baƙi da hayaƙi tana reto kamar tsummoki, ba a share ta. Sannan duk Alhamis sai a kwashi kwandunan ajiya da tabarmi a kife su a kan gidan cinnaka da ke bayan rumfa, a bar su can har rana ta take.

Na tambayi dalili sau da yawa.

"Haka muka iske," in ji Goggo.

"To, su waɗanda kuka iske, me ya sa?"

"Ke, 'yar boko, juya kifin can yana ƙonewa."

A kan dutsen nan kullum akwai taro. Shirwa suna saukowa, hankaki suna jira a gefe, abin da ya zurara cikin ruwa kuma ƙananan kifaye suna wawa a kansa. Sai wani ƙaton guza ya fito daga ƙarƙashin tulin itacenmu, tsawonsa ya kai tabarmar salla, ko kusa da haka, ya ci nasa a natse, ya zagaya rumfa sau ɗaya yana fitar da harshe, ya koma. Goggo tana kiransa Mai-unguwa, wai saboda kullum sai ya zagaya kuma ba a taɓa ganin yana wani aiki ba.

Dole in yi maganar Alaja, domin a kanta komai ya rataya. 'Yar kasuwa ce daga Ilori, tana zuwa duk sati biyu, kuma ita ke kwashe mafi yawan abin da muka banda tun kafin in zo. Da cinikinta gidan Goggo yake ci, da shi Maman Luka take da aiki. Abin da Alaja take gudu shi ne wani ɗan baƙin ƙwaro da ke ƙwai a busasshen kifi. Tsutsarsa mai gashi ce, tana cinye naman ta ciki, ta bar fata da ƙaya da gari. Kifin sai ya yi kyau a ido, amma in an matsa sai ya rushe. Alaja tana da farin ƙyalle a jakarta. Takan shimfiɗa shi a cinya, ta zaro kifi daga tsakiyar kwando, ba daga sama ba, ta buga shi sau uku a tafin hannu, ta duba abin da ya faɗo. A rumfar Goggo, gwargwadon sanina, ba abin da ya taɓa faɗowa.

Shekarar da ta ɓaci ita ce wadda aka yi wa Goggo aikin yanar ido a Sakkwato. Ɗanta ya ce ta zauna wurinsa har ta warke, nesa da hayaƙi. Ranar tafiya ta maimaita mini dokokin nan uku a bakin mota, ta ce, "Kin ji, ɗiyata?" Na ce na ji.

Ina so a fahimce ni a nan. Ba raini ya sa na yi abin da na yi ba, tsoro ne. Watanni kaɗan kafin nan na je wata bita ta kwana biyu kan tsaftar abinci, aka nuna mana hotunan ɗakuna farare tas, aka ba mu takardar shaida. Masu bitar ba su da laifi. Ba su ce a taɓa cinnaka ba, ni na ƙara wannan. Amma tun daga ranar, duk na ɗaga kai na ga saƙar nan a saman abincin mutane sai gabana ya faɗi. Ina tunanin duba-gari. Ina tunanin wani yaro a Ilori ya ci kifinmu cikinsa ya ɓaci, a bi sawu har a zo kaina. Yanzu ga rumfa a hannuna, kuma in wani abu ya faru ba wanda za a kira sai mai digiri.

Na ɗaura tsintsiya a gora na share rufi. Na shafa wa bango farar ƙasa. Na sa aka haƙa rami mai murfi don kayan ciki, na wanke dutsen da omo. Gidan cinnaka kuwa na tuttula masa kananzir kwalba biyu. Maman Luka tana zaune tana soke tarwaɗa, tana kallona.

"Ya yi kyau ko?" na ce.

"Ya yi fari," ta ce.

Alaja ta zo a ƙarshen satin. Ta tsaya a bakin rumfa, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufi. Ta shaƙi iska. Ta yi gwajin ƙyallenta, ba abin da ya faɗo, amma duk da haka kwali biyu kacal ta ɗauka, ta ce mota ta cika. Na ga motar, ba ta cika ba. Na zauna na yi nazari, na gano cewa tsaftar ce ba ta kai ba. Sai na koma share rufi sau biyu a rana.

Shirwa ne suka fara. Da safe, daidai lokacin da aka saba zuba musu, suka jeru a kan katanga suna kallon dutsen da na wanke. Kwana biyu suna haka, ba su taɓa komai ba, kuma wannan ina yaba musu. Rana ta uku ɗaya ta sauko ta ɗauki ƙarfasa daga kan waya, da zafinta. Daga nan aka buɗe. Wata ta fizge kifi daga hannun Maman Luka. Wata ta tafi da ɗankwalina, ina jin kuskure ne, domin ta sako shi a kan ruwa.

Mai-unguwa ya fito kwana uku yana hawa dutsen, yana lasar wurin da omo ya bushe. Rana ta huɗu, da hantsi, a gaban kowa, ya ratsa filin tashar jirage a hankali, ya shige ƙarƙashin itacen Hajiya Balki, wadda rumfarta ke kallon tamu, wadda kuma ta daɗe tana yi wa Alaja gaisuwa mai tsawo. Na ce a raina an rage ƙazanta ɗaya.

Ba a yi sati ba ɓeraye suka tare a gurbinsa, da iyalansu. Sai a lokacin na fara zargin cewa zagayen da yake yi kullum ba yawon banza ba ne. Na samo kyanwa biyu. Ban yi tunani sosai ba, na yarda. Kyanwar da aka ajiye a ɗakin da kifi ya kai rufi ba ta da dalilin bin ɓera. Suka yi ƙiba. Na taɓa samun ɗaya tana barci a kan buhu, ɓera yana cin kan tarwaɗa a gefen wutsiyarta, kowa yana harkarsa.

Ƙudaje, da babu saƙar da za ta tare su, suka riƙa sauka kan ɗanyen kifi kafin ya hau wuta. Ramin da na haƙa ya kumbura da wari, ya zama garinsu. Sannan Baba Gado ya zo. Tsohon masunci ne, Bagunge daga tsibiran ruwan nan, wanda yake kafa gorar kamun kifi a gindin dutsen nan, kuma shi ke fara kawo wa Goggo kamunsa ta zaɓa kafin kowa.

"'Yar Kande, mi na yi muku?"

"Ba ka yi komai ba, Baba."

"To, gorata kwana tara ba ko ɗan kifi guda. Ƙananan kifi sun watse, manyan da ke biyo su sun watse. Wa ya wanke dutse?"

Na ce ni ce, na fara yi masa bayanin ƙwayoyin cuta. Ya saurara har na gama, mutum ne mai ladabi. Washegari na hango shi yana kafa gorarsa a gangaren Hajiya Balki, inda Mai-unguwa yake karyawa.

Ranar da na buga kifi a tafin hannuna na ga tsutsa ta faɗo, ban gaya wa kowa ba sai da na buga goma. Bakwai suna da ita. Kwandunan da ba a kai wa cinnaka ba tun tafiyar Goggo sun zama gidan ƙwaro, daga saƙarsu yake fitowa ya shiga sabon kifi. Na sayo kaji da 'yan tsaki su tsince tsutsar. Shirwa suka kwashe 'yan tsakin, kyanwoyin suka kori iyayen, kaza ɗaya ta faɗa murhu. Ba na son in tsawaita a kan kajin.

Wata rana da yamma Alaja, wadda ba ta sake zuwa ba tun da ta ɗauki kwali biyun nan, ta kira ni a waya. Ta ce za ta zo nan da kwana shida. Ta ce, "Zan duba da kyau. In raina bai kwanta ba, Balki ta daɗe tana kirana. Ki gaya wa Kande ba faɗa." Na ce to. Ban gaya wa Goggo ba, likita ya hana ta damuwa.

A nan ne wani mai tallar maganin ƙwari ya biyo da 'yan kwalabensa na fiya-fiya. Labari ya riga ya zaga. Ya ce murfi ɗaya a bokitin ruwa, a yayyafa, kafin la'asar ba abin da zai motsa a kwandon. Ya ce wasu suna yi, bai faɗi suna ba, ni ma ba zan faɗa ba don ban gani da idona ba. Na karɓi kwalbar na riƙe. Ba zan ɓoye ba, na daɗe da ita a hannu. Abin da ya cece ni shi ne halin nan nawa da kowa ke yi wa dariya: ba na iya amfani da abu sai na karanta takardar jikinsa, kuma wannan ba ta da takarda. Na tambaye shi sunan sinadarin da ke ciki, da adadinsa, da kwana nawa yake yi a jikin nama. Ya karɓe kwalbarsa ya tafi.

Na juya wurin Maman Luka. Na ce, "Don Allah, cinnakun nan, mene ne aikinsu?"

"Su ke kwashe ƙwan ƙwaro da tsutsa daga kwando."

"Kin sani?"

"Kowa ya sani."

"Me ya sa ba ki faɗa ba ranar da na ɗauko kananzir?"

"Ba ki tambaya ba. Na ce ko wani sabon abu aka koya muku."

Abin kunyar shi ne an koya mana. A jami'a na zana wannan da kibiyoyi, ciyawa zuwa fara, fara zuwa kwaɗo, kwaɗo zuwa maciji, na ci jarrabawa da shi. Ban dai taɓa zaton kibiyoyin suna bi ta cikin rumfar Goggo ba.

Aron cinnaka ba abu ne da ake yi ba, gwargwadon bincikena, amma mun yi. Maman Luka ta ce akwai babban gida a gonar wanta, a wani tsibiri. Muka loda kwanduna goma sha biyu, ko sha huɗu, cike da kifi a jirgin inji. Mai jirgin ya dube mu, ya dubi kayan.

"Hajiya, shekara ashirin ina ɗauko kifi daga ruwa zuwa Yelwa. Yau na fara mai da shi. Wa za a kai ma?"

"Cinnaka," in ji Maman Luka.

Ya tayar da inji, muka tafi.

Aikin yana da ƙa'ida. A shimfiɗa tabarma kusa da gidan, a baje kifin, a ɗan daddaki ƙasa su fito. Suna shiga ta baki da ta kunnen kifin, su fito kowanne da tsutsa a kai kamar masu dako. Amma in tsutsa ta ƙare, kifin za su koma ci, don haka sai a kwashe da wuri. Maman Luka ta ce gwargwadon dahuwar shinkafa. Na tambaya wace irin shinkafa, ta gida ko ta kanti. Kafin mu daidaita a kan wannan sun hau ni har gwiwa. Ba zan bayyana abin da na yi a gonar mutane ba. Matan tsibirin sun gani, kuma an ce har yau akwai wata rawa da suke kira da sunana, ko da yake ban tabbatar ba.

Muka dawo da kifin, muka zubar da wanda ya rushe, ya kai kashi ɗaya cikin uku, muka mai da sauran kan hayaƙi don cinnakun da suka biyo mu su fita. Na cike ramin. Na ba da kyanwoyin, da ƙyar aka karɓa saboda sun saba da giwan ruwa. Na ajiye tsintsiyar gora. Na koma zuba kayan ciki a kan dutse, shirwa kuma suka koma layinsu a ranar, ba su riƙe ni a zuci ba.

Saura ɓeraye. Na je rumfar Hajiya Balki da safe, na gaishe ta, na ce na zo ne kan maganar guzanmu.

"Naku? Da takarda?"

"Hajiya, kowa ya san a gidanmu yake."

"Ni ban kira shi ba, ban ɗaure shi ba. Ga shi can. Ki yi mishi magana, in ya yarda ku tafi."

Na koma na ɗauko daro. Na fara ajiye hanjin kifi ɗaya-ɗaya a ƙasa, taki biyu tsakani, tun daga itacenta har zuwa namu, na ratsa filin tasha a daidai lokacin da jiragen kasuwa ke sauke mutane. Masu dako suka ajiye kaya. 'Yan acaɓa suka kashe mashin. Na tsaya a bakin itacen Hajiya da daro a hannu, ga shi kwance yana shan hantsi, ido ɗaya a buɗe. Na yi masa magana. Ba na tuna duk abin da na ce. Na san na ce an yi kuskure, kuma an gyara.

Ya taso. Ya bi layin yana ci, mutane suna buɗa masa hanya, wani yana cewa a yi shiru. Ya zo daidai tsakiyar fili, ya cinye na wurin, ya tsaya ya dubi rumfarmu mai farin bango. Sai ya juya ya koma. Washegari ya kai kashi biyu cikin uku. Ranar da Alaja za ta zo ya iso har dutse, ya ci, ya zagaya rumfarmu sau ɗaya, sannan ya tafi ya ci na Hajiya Balki.

Alaja ta iso bayan azahar. Ba ta zauna ba sai da ta ɗaga kai. A kusurwar rufi akwai sabuwar saƙa guda, ƙarama, da ƙuda ɗaya a ciki. Na so in tsaya in kare saƙar, amma Alaja ta riga ta gani. Ta zauna, ta shimfiɗa ƙyallen, ta zura hannu har gwiwar hannu a cikin kwando, ta zaro tarwaɗa. Ta buga sau ɗaya. Sau biyu. A na uku wani abu baƙi ya faɗo a kan farin ƙyallen, ya miƙe, ya fara tafiya.

Cinnaka ne. Ɗaya, daga tsibiri, wanda hayaƙi bai kora ba.

Na buɗe baki zan fara bayani tun daga bita. Alaja ta ɗaga mini hannu. Ta sunkuya tana kallonsa har ya kai bakin ƙyallen.

"Da ransa," ta ce.

"Alaja, ki yi haƙuri, zan sake..."

"Wancan zuwan na ga bango fari, rufi ba gizo, ƙasa ba ko tururuwa. Na ce Kande ta tafi, yarinya ta fesa magani. Inda ƙwaro ya ƙi zama, ni ba na sayen abinci a wurin. Jikokina suna cin kifin nan." Ta kai ƙyallen ƙasa, ta karkaɗe cinnakan a hankali kusa da bango. "Wanda wannan ya shiga ya fito da ƙafarsa, mutum zai ci. Ɗaure mini duka."

Maman Luka ta tashi ta ɗauko igiya. Ina jin ta yi dariya, amma bayanta nake gani, ba zan rantse ba.

Goggo ta dawo da baƙin tabarau da ido sabo. Ta ce rabonta da ganin rumfar sosai ya fi shekara goma, ashe haka take. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, har kajin. Ta je bayan rumfa ta tsaya a kan gidan cinnakan da ya zama ƙasa mai warin kananzir.

"Tun ina amarya suke aiki gidan ga. Ba su taɓa neman hutu ba. Ke kuma kin zo kin ba su kananzir."

Na ce, "Goggo, da kin gaya mini dalili."

"Ni wa ya gaya mini? Na dai ga kowa na samun abinci, kifi kuma bai lalacewa, sai na bar kowa inda na iske shi."

Sai da damina biyu ta wuce kafin wasu cinnaku suka yarda suka kafa gida a wurin. Kafin nan duk Alhamis muna jirgi, mai jirgin har ya daina tambaya. Baba Gado ya dawo da gorarsa. Mai-unguwa kuwa bai sake zama namu mu kaɗai ba. Har ya tsufa yana cin gida biyu, kuma Goggo ba ta taɓa yafe mini wannan ba. Duk ta hango shi yana ratsa fili sai ta ce, "Ga ma'aikacinki can zai tafi aikinsa na biyu."

Yanzu Goggo ta daina zuwa, rumfar tana hannuna. Akwai wani kwaɗo a ƙarƙashin randarmu, akwai zanzaro da ke gina ɗakinsa a jikin ginshiƙi. Ban san aikinsu ba. Mai yiwuwa ba su da wani aiki da ya shafe ni. Ba na taɓa su. Wanda duk ya zo koyon banda, satin farko ba na ba shi wuƙa. Kujera nake ba shi, ya zauna ya ga su wa ke shigowa, su wa ke fita, wa ke cin me. Yawancinsu suna gajiya a rana ta biyu, su ce sun zo koyon sana'a ne ba kallon ƙadangaru ba. Ina fahimtarsu.

Waɗanda suke tasha a wancan lokacin suna nan da yawa, kuma ina roƙon duk wanda ya ga na kauce ya aiko a gyara, ko ya biyo rumfa, ba ta ɓata. Ban tabbata da yawan kwandunan ba. Hajiya Balki ta ce ba ta tambaye ni takarda ba, ni kuma ina jin ta tambaya. Akwai masu cewa na durƙusa a gaban guzan. Abin da nake tunawa shi ne na tsuguna, saboda daron yana da nauyi. Maman Luka kuma, da na tambaye ta, ta ce na ce masa "ranka ya daɗe" sau uku. A nan ina da ja, kuma ina neman shaidu. Ni sau ɗaya nake tunawa.